Zagayen farko a filin golf na yashi: me ake riƙewa?

Sabon Shiga:
Assalamu alaikum. Mai son yin zagayensa na farko a filin golf na Rio Bravo, kusa da Yamai a hanyar Tilaberi, me zai riƙe? An ce babu ciyawa, to yaya ake buga ƙwallo a kan tsandauri?

Tsohon Hannu:
Wa alaikumus salam, ƙanena. Abin da ba ka barinsa gida shi ne ɗan guntun tapi na ciyawar roba. Inda ƙwallo ta tsaya, in tana kan hanyar rami, sai ka ɗora ta a kai ka buga. Take bakin tapin da ƙafa tukuna ka ga ya kwanta, don in akwai tsakuwa ƙarƙashinsa zai zame, sandar ta daki ƙasa kafin ƙwallo.

Doka ta yarda da sanda 14, amma shida sun ishe ka: doguwa ɗaya ta bugun farko, sanduna masu bakin ƙarfe masu lamba 5, 7 da 9, mai kwantaccen baki ɗaya, sai ta turawa cikin rami.

Inda sabbi ke shan wahala shi ne mita 20 ko 30 na ƙarshe. Suna ɗaukar mai kwantaccen baki don ƙwallo ta tashi sama. A ƙasa mai tauri gindin sandar ne ke dira ya yi tsalle, bakin ya sari ƙwallo a tsakiya, ta wuce rami kamar harsashi. Ɗauki lamba 7, ajiye ƙwallo kusa da ƙafar baya, nauyinka kan ƙafar gaba, ka buga gajere ta gangara da kanta.

Mai Lamba Bakwai:
Gaskiya ne, Alhaji. In ƙara: kewayen rami yashi ne da aka cuɗa da mai, ya fi ciyawa riƙe ƙwallo. A share hanya daga ƙwallo zuwa rami kafin ka tura, kuma tura da ƙarfi fiye da yadda idonka ya nuna. Da ka gama, goge sawunka saboda na baya.

Ƙwallo ta ɓace, minti 3 kawai gare ka na nema, haka dokar take tun 2019. In kana shakkar ganinta, faɗa wa abokan wasa ka buga wata ƙwallo ta wucin gadi tun daga inda kake, ya fi dawowa baya a cikin rana.

Yaya Babba:
Ni ban ba shi shawarar cikakken zagaye na rami 18 ranar farko ba, wajen awa huɗu ne a ƙafa. Ya yi 9, ya fara da ƙarfe 7 na safe, da hula da ruwa lita 2 aƙalla. A watan Afrilu da Mayu zafi na wuce digiri 40. Da hunturu kuwa, in iska na fuskantarka, ɗauki sandar da ta ɗan fi wadda ka saba tsawo ka sassauta bugu, don bugun ƙarfi ƙara cilla ƙwallo sama yake, iska ta maido ta.