Lambar 666 a Ru'ya ta Yohanna: wa ake nufi?

Ɗan Mabera: Salama, iyayena da 'yan'uwa. Matasan ikilisiya a nan Sakkwato sun dage cewa lambar NIN ce alamar dabbar Ru'ya 13:18. Ikilisiyoyi bakwai da aka fara aika wa littafin, yaya suka fahimci 666?

Malam Ayuba: Ɗan'uwa, ayar da kanta ta ce a lissafta, kuma lambar mutum ce. Hisabin haruffa ne, irin ramzin da malaman Sakkwato ke rufe waƙa da shi don nuna shekara. Rubuta Neron Kaisar, wato sunan Nero sarkin Roma, da haruffan Ibrananci, ba wasali sai wawu: nun 50, ra 200, wawu 6, nun 50, ƙaf 100, sin 60, ra 200. Jimla 666. Cire nun ta biyu, yadda Romawa ke faɗin sunan, Nero, ta koma 616. Wani tsohon kwafin littafin da aka tono a Masar kuwa 616 ɗin ya rubuta. Suna ɗaya ya fitar da lambobin biyu, nan hujjar take da ƙarfi.

Mama Rifkatu: Malam, a ƙara da wannan: wanda ya gwada da hisabin da aka saba a nan zai ɓata lissafin. Namu na Magaribawa ne, sin 300 ce, sai ya samu 906. Dole a bi ƙimar Ibrananci.

Nero ya tsananta wa Kirista bayan gobarar Roma ta shekarar 64, ya kashe kansa a 68, aka yi ta jita-jitar zai dawo. Karanta 13:3, kan dabbar da aka yi wa raunin ajali ya warke, da tuddai bakwai na 17:9. Ba mutumin Afisa, ɗaya daga garuruwan ikilisiyoyin bakwai, da zai kasa gane Roma.

Baba Dattijo: Ɗana, kada ka koya musu lissafi kaɗai, don sunaye da yawa kan ba da 666 in an matsa musu. Ireniyus, wani bishop na dā, wajen shekarar 180, ya san 616 ya ƙi ta, bai ma kawo sunan Nero ba, ya kuma ce an ga wahayin gab da ƙarshen mulkin Domitiyan, sarkin Roma da ya mutu a 96. Fara da 13:12 zuwa 17: alamar tana tafe da sujada ga dabbar. Ka tambayi matasan, wa aka sa su yi wa sujada kafin a ba su NIN?