Me za mu kira "heta" da Hausa?

1/ Jama'a, a gidajen kallon ƙwallo na Agege da Obalende a Legas akwai kalmar da ta zama ruwan dare: "heta", wato "hater" ta Turanci. Da ka ce wani ɗan wasa bai kwanta maka ba, sai a ce kai heta ne. Masu buroka kuma su ce "bad bele". Ku zo mu nemo mata ta gida.

2/ Mu fara sanin wanda muke nufi. Mutum ne da bai musa cewa Ronaldo ya lashe Ballon d'Or, kyautar gwarzon ɗan ƙwallon duniya, sau 5 ba, amma da zarar ya ci ƙwallo ya daka tsallen nan, ya juya a sama ya dira yana "siuu", sai mutumin ya ja tsaki. Ko wanda Nadal, ɗan wasan tanis, ke ba haushi saboda jera robobin ruwa da gyaran wando kafin ya buga, duk da kofuna 14 da ya ɗauka a gasar Roland Garros ta Faransa.

3/ Har a kacici-kacici akwai su. Wanda ya kalli shirin neman miliyoyin nan da Frank Edoho ya gabatar ya san irin ɗan takarar da zai ba da amsa daidai, sannan ya ɗora dogon bayanin da ba wanda ya tambaye shi. Bai yi maka komai ba, amma kana falo kana jira tambaya ta gaba ta kayar da shi. To ka ƙiyasta yadda irin waɗannan 'yan kallo suka kwana a Amurka a 2004, da Ken Jennings ya yi nasara sau 74 a jere a shirin kacici-kacici na Jeopardy!

4/ Wani ɗan'uwa daga Idi-Araba ya ce "mahassadi". Malam, a yi mini afuwa, ban yarda ba. Malamai sun ce hassada ita ce fatan ni'ima ta gushe daga wani. Amma mutumin da ke tsaki kan 5 ɗin Ronaldo shi ne ke tafi kan 8 ɗin Messi. Da ni'imar ce ke ci masa rai, ai ta Messi ta fi ciwo. Wannan dalilin ne ya kayar da "ɗan baƙin ciki" ma, ko da yake shi ne ya fi kusa da "bad bele".

5/ "Maƙiyi" ya yi nauyi, ba gona aka raba ba. "Ɗan adawa" na siyasa ne.

6/ Wata Hajiya ta kawo "ɗan kushe", kuma ta kusa. Kushe shi ne aikin da bakin heta ke yi: an ci uku ya ce fenareti ne, an ɗauki kofi ya ce alƙalin wasa ne. Sai dai akwai hetan da ba ya cewa uffan. Tashi kawai yake ya fita shan iska idan kyamara ta hasko fuskar mutumin.

7/ Ni na tsaya a kan "ƙin jini". Mun riga mun san farin jini da baƙin jini, muna cewa "jininmu bai haɗu ba", kuma gidajen rediyo na cewa "ƙin jinin baƙi" idan ana labarin Afirka ta Kudu. Ƙi ne da ba ya buƙatar laifi, irin wanda ko ruwa ka shiga za a ce ka ta da ƙura.

Wasu za su ce ai fankamar 'yan wasan ce ke jawo musu. To mu da muke cika filin dambe don jin ɗan dambe na yi wa kansa kirari, har mu yi masa liƙi? Amma koci Mourinho ya sauka Chelsea a 2004 ya ce shi na musamman ne, wasu har yau ba su huce ba. Kirarin ɗaya ne, bakin da ya fito ne ba a so.

8/ Saboda haka: ɗan ƙin jini, 'yar ƙin jini, 'yan ƙin jini. "Rabu da shi, ɗan ƙin jinin Osimhen ne, takunkumin fuskar kawai ke ba shi haushi." Alhali ɗan ƙwallon, yaron unguwar Olusosun ta Legas, ya fara sa shi ne bayan karayar ƙashin fuska da ya samu a wasan Napoli da Inter a 2021.

9/ Matsala ɗaya, "heta" gaɓa biyu ce, kuma a tsakiyar musu ba mai lokacin doguwar kalma. Wanda ke da gajeriya da ba ta jingina wa mutum hassada ba, ya ajiye ta a ƙasa mu gwada ta ranar Asabar.