Ta ina zan kama lissafin sarƙewar kwantom?

Sadiya: Salamu alaikum jama'a. Ina shekara ta biyu a fiziks a jami'ar KNUST ta Kumasi, maganar sarƙewar kwantom ɗin nan, wato yadda ƙananan ƙwayoyi biyu ke haɗuwa har ba a iya bayyana yanayin ɗaya ba tare da ɗayan ba, ta hana ni sakat, na kalli bidiyo har data ta ƙare amma lissafin ban gan shi ba. Don Allah ta ina zan fara?

Malam Iddi: Wa alaikumus salam 'yata. Ajiye bidiyoyin nan masu walƙiya, liniya aljebra tukuna. Laccocin Gilbert Strang na MIT suna YouTube kyauta. In vekta da matiris sun zauna miki sai ninkin tenso, wato yadda ake haɗa lissafin abu biyu ya zama ɗaya. Kiyubit, wato abin kwantom da ke iya zama 0 ko 1 ko cakuɗarsu, guda ɗaya lambobi 2 ke bayyana shi, biyu 4, goma 1024. Sannan ki ɗau biro ki gwada raba 00+11, wato kiyubit biyu da ke cakuɗe tsakanin duka 0 da duka 1, ya zama (a0+b1)(c0+d1), dole ad da bc su zama sifili alhali ac da bd ba sifili ba, ba ta yiwuwa. To wannan ƙin rabuwar ita ce sarƙewar.

Habibu: Gaskiya Malam. Bayan nan laccocin Susskind na Stanford, yana tafiya a hankali. Kuma kar ki tsallake takardar John Bell ta 1964, in dai kowane ɓangare da amsarsa a ɓoye tun farko awon CHSH, wato ma'aunin yadda amsoshin ɓangarorin biyu ke dacewa da juna, ba ya wuce 2, kwantom kuwa yana kai 2.83, gwajin wannan ne ya ba Aspect da Clauser da Zeilinger Nobel a 2022.

Sadiya: Na gode yaya. To alƙiblar lokaci fa, wato abin da ya sa lokaci ke tafiya gaba kawai, ina ta shigo cikin maganar sarƙewa?

Anti Rabi: Nan ne ni abin ya kama ni wallahi. Lissafin Schrödinger gaba da baya duk ɗaya ne a wajensa, amma madara in ta shiga koko ba ta komawa gwangwani. Ki koyi entrofi na von Neumann, wato ma'aunin rashin tabbas game da yanayin abu, na 00+11 gaba ɗayansa sifili ne amma kowane rabi nasa ya cika, kuma abu na taɓa iska da haske yake sarƙewa da su, labarinsa ya watse ba mai iya tattarowa.

Malam Iddi: Rabi wannan kaɗai bai kashe maganar ba fa. Tun 1876 Loschmidt ya tare Boltzmann da tambayar yadda lissafi mai tafiya gaba da baya zai haifar da lokaci mai tafiya gaba kawai, dole a ƙara da cewa duniya ta faro da ƙarancin entrofi.

Habibu: Laccocin duka suna filas ɗina ƙanwata, kar ki ƙona data. Asabar bayan la'asar ina Aboabo, ki taho da laftof.