Wata uku a jardan, sai waƙa da zane: in canza masa lakwal?

Wata uwa daga Talaje, Yamai:
Assalamu alaikum iyaye da ƴan'uwa, shawara nake nema. Yarona shekararsa 4, na sa shi jardan tun Oktoba, ajin tsakiya. Yau wata uku ke nan, duk ranar da na tambaye shi me aka koya musu sai ya ce "mun yi waƙa". Na buɗe kayensa, ba komai sai layuka a tsaye, layuka a kwance, da ƙawanya jere kamar ƙwan zabi. Ɗiyar maƙwabciyata sa'arsa ce, amma tana rera A har Z ba tuntuɓe. Babansa ya fara cewa gara a ce shinkafa aka saya da kuɗin. In canza masa wuri ne, ko in ƙara haƙuri?

Tsohuwar malamar jardan:
Wa alaikumus salam ɗiyata. Na daɗe riƙe da ajin ƙanana kafin in ajiye aiki. Layukan nan da kika raina, da su ake gina rubutu. Dubi harafin "b": sanda ce a tsaye, da ƙawanya a gindinta. Yaron da hannunsa bai saba da su ba, in ya shiga CI, ajin farko na firamare, sai ya damƙe alli kamar muciya.

Jardan aji uku ne, daga shekara 3 zuwa 5: ƙanana, tsakiya, manya. Haruffa sosai sai ajin manya, karatu kuwa aikin CI ne. A ajin ɗanki ana koyon launi, ƙirga duwatsu ko marufan kwalba, gane babba da ƙarami, jiran layi, wanke hannu, da faɗin "ina jin fitsari" tun wando bai jiƙe ba. Kada ki yi dariya, wannan na ƙarshen ya fi A da B wuyar koyarwa. Waƙar kuma da ita kunnensa ke sabawa da Faransanci. Ita ɗiyar maƙwabciya, nuna mata harafi ɗaya daga tsakiya ki ce mene ne wannan. Sau da yawa hadda ce irin ta aku.

Kuma ki bar tambayarsa "me kuka koya". Ce masa: wa ya zauna kusa da kai? Wa ya yi kuka yau? Za ki ji labari har ki gaji.

Wani uba daga Tawa:
Hajiya ta faɗi gaskiya, amma hwa kada a wanke makarantu duka. Akwai waɗanda sunka maida jardan wurin ajiyar yara. Ni sai da na tahi ba sanarwa, ƙarhe goma na sahe, na iske madam tana latsar waya, yara kwance bisa tabarma. Ranar na ɗauke nawa. Ki tahi da ƙahwarki, ki duba ginin ma. Tun gobarar azuzuwan kara ta unguwar Pays-Bas a Yamai a Afrilun 2021, da ta Maraɗi a Nuwamban 2021, gwamnati ta hana sa ƴan jardan cikin runfar kara.

Wata uwa daga Bukoki:
Ƴar'uwa, wa ke ɗauko shi? In ɗan kabu-kabu ne ko yarinyar gida, ba abin da zai iso kunnenki. Ko sau ɗaya a sati ki je da kanki lokacin tashi, ki gaisa da madam, ki ce ta nuna miki aikinsa. Ki shiga WhatsApp ɗin iyayen ajin, in babu ki ce a buɗe. Taron APE, ƙungiyar iyayen ƴan makaranta, ma mu ne ba mu zuwa, sai an ce a kawo kuɗi mu fara ƙorafi.

Mai tambaya:
Allah ya saka da alheri, Inna, da ku duka. Na je ranar Talata. Na leƙa ta taga, na gan shi yana ware marufan kwalba, ja gefe guda, shuɗi gefe guda, harshe a waje don ƙwazo. Madam ta ce hannunsa ya yi kyau, sai dai ba ya magana a aji, don abokan zamansa duk Zabarmanci suke yi. Ta ce za ta canza masa wurin zama. Na fasa cire shi.

Amma ga sabuwa: jiya ya samu gawayi ya cika bangon ɗakin babansa da ƙawanya. Don Allah me ke goge gawayi daga farin fenti, kafin mai gida ya dawo daga tafiya?