Kowace mota ce za ta ɗauki haidirolik, wato na'urar ɗaga mota da sauke ta da ƙarfin mai?

Laminu: Ni ina kan bakana. Duk motar da aka sauke ƙasa, ko Corolla ce, za ta ɗauka. Famfo 2, batir 4, silinda mai inci 8 a gaba, mai inci 10 a baya. Ka iso yashin Garin Malam, ka danna, ta ɗaga ciki ta wuce.

Malam Habu: Ƙanena, lissafin kayanka daidai ne, motar ce ba ta dace ba. Impala ta 1964 da mutanen Los Anjeles ke sa wa tsalle, shasinta daban yake da gangar jiki, kuma shi ma sai an ɗaure shi da farantin ƙarfe. Corolla kuwa jikinta ne shasinta. Silinda na tokare inda kan amortisa ke zama, ƙarfen wurin siriri ne. Yau da gobe sai ya tsage, ƙofofi su daina rufuwa daidai.

Sani mai lantarki: Ku bar maganar ƙarfe. Manyan batir ɗin kowane ya kusa kilo 30, huɗu kilo 120 ke nan a baya. Biyu a jere volt 24 ne, injin famfon kuwa na volt 12 ne, sai zafi. Dinamon mota ba ya caja su, sai a gida. Babban haɗarin shi ne solenoyid, wato makunnin da ke ba famfo wuta, ya maƙale: famfo ya ƙi tsayawa, tiyo ya fashe, mai ya tarar da waya mai zafi. Dole a sa abin cirewa da hannu a wayar mas, wato ta negatif, kusa da direba.

Laminu: To Malam, Citroën fa? Tun 1954 ta fara tashi da mai, jikin samfurinta BX kuma ɗaya ne da shasinta.

Malam Habu: Ai ba hanyar jirgi ba ce ta mota. Citroën daga masana'anta aka tsara ta haka, ga ƙwallayen iskar nitrojin da ke shanye girgiza, ga koren manta LHM. Mai ba ya matsuwa. In babu akumulato, wato irin wannan ƙwallon iskar, duk ramin hanyar Mirriya a ƙugunka zai sauka.

Sani mai lantarki: Ga ƙurar hunturu. Tana manne wa sandar silinda, ta ci zoben roba, da safe ka tarar da mota ta kwanta gefe guda.

Laminu: Na yarda da akumulato da rigar roba a kan sanda. Batun Corolla kuwa, farantin milimita 6 a mazaunin amortisa ya isa in ba tsalle za a yi ba.

Malam Habu: Ɗagawa a hankali kawai, to, da sauƙi. Amma wane yaro ne zai riƙe makunnin bai yi tsalle ba?