Kafiretar babur ɗina tana yoyon fetur

Assalamu alaikum. Ina neman shawarar masana gyaran babur. Duk lokacin da na buɗe famfon mai, sai fetur ya riƙa tsiyaya ta ɗan tiyon da ke ƙarƙashin kafireta, amma idan na ƙwanƙwasa kwanonta da bayan sukuddireba yakan tsaya na ɗan lokaci, shi ya sa nake zargin fulot (abin da ke yawo a saman mai cikin kwanon, yana tsayar da shigar fetur idan kwanon ya cika) ne ke maƙalewa. Na kwance kwanon na wanke dattin da ya taru, na girgiza fulot ɗin ban ji mai a cikinsa ba, na kuma sauya allurar fulot (wadda ke toshe hanyar shigar fetur cikin kwanon), duk da haka bayan kwana 2 yoyon ya dawo. Shin mazaunin allurar ne ya lalace, ko kuwa tsayin fulot ɗin ne ban daidaita ba? Yaya ake auna shi?