Cikin waɗanda suka shiga kwaleji, nawa ne ke fitowa da takarda?

Sakataren Ƙungiya:

Assalamu alaikum 'yan uwa. Ƙungiyar unguwarmu a nan cikin birni tana biya wa 'ya'yan marasa ƙarfi kuɗin rajista, yawancinsu masu ND (ƙaramar difloma) a Kano Poly da masu NCE (takardar shaidar malanta) a Legal, wato kwalejin shari'a ta Aminu Kano, da kwalejojin ilimi. Masu ba da gudummawa sun fara tambayar nawa ne ke gamawa cikin waɗanda ake turawa, kuma wace makaranta ce ɗalibanta suka fi kaiwa ƙarshe. Abin da muke da shi kawai shi ne adadin da ake faɗa ranar bikin yaye ɗalibai, dubu kaza sun kammala. Shin wannan ya isa a yi hukunci da shi? In bai isa ba, yaya ake lissafin? Kuma a wane mataki ne yaran suka fi zubewa, don mu san inda za mu sa ɗan abin da muke da shi?

Tsohon Jami'in Jarrabawa:

Wa alaikumus salam, Malam Sakatare. Adadin ranar bikin yaye ba zai amsa maka komai ba. Sau da yawa ana tara na shekaru da dama a yi musu biki ɗaya, kuma ko na shekara guda ne, a cikinsa akwai ragowar baya, waɗanda suka yi sifil-oba sai yanzu suka fita. Sannan ba a faɗa maka nawa suka shiga ba.

Lissafin gaskiya shi ne a kama ayari guda, waɗanda suka shiga tare a shekara ɗaya, a bi su da lambar rajista har ƙarshe. Da lamba, ba da suna ba. A aji ɗaya a Kano za ka samu Abubakar Muhammad huɗu, wani kuma sunansa a takardar WAEC daban, a ta JAMB daban.

Ka fara da tantance wa za ka ƙirga a farko. Kada ka ɗauki jerin waɗanda aka ba gurbi, domin da yawa ba sa zuwa. Ɗauki waɗanda suka biya kuɗi, aka ba su lamba, har aka rufe rajistar zangon farko. Ware masu karatun safe daga 'yan fatayim, kuma 'yan share fage kada su shiga sai sun hau ND1 ko NCE1.

Ga misali, alƙaluman na ƙirƙira ne don a gane. A ce mutum 200 sun yi rajistar ND1 a sashe ɗaya. Da shekara ta zagayo, 160 suka dawo suka yi rajistar ND2. Raba 160 da 200, ka samu kashi 80 cikin ɗari: wannan shi ne yawan waɗanda makaranta ta iya riƙewa. A ƙarshen shekara ta biyu 110 suka fita babu bashin kwas ko ɗaya, kashi 55 ke nan suka gama a kan lokaci. A shekara ta uku wasu 30 suka biya kari-obarsu, wato kwasa-kwasan da suka faɗi a baya, suka fita, jimilla 140, kashi 70.

To ga inda ake ruɗa mutane. Wani zai raba 110 ɗin nan da 160, wato 'yan ajin ƙarshe kaɗai, ya ce kusan kashi 69 sun gama a kan lokaci. Ya shafe mutum 40 da suka ɓace tun shekarar farko kamar ba a taɓa ɗaukarsu ba. Wani kuma zai haɗa 110 da ragowar baya 40 da suka fita a wannan shekarar, ya samu 150, ya raba da 200, ya ce kashi 75. Duk biyun ba ƙarya aka yi a lissafi ba, amma ba amsar tambayarka ba ce.

Takardu uku ake buƙata: jerin rajistar kowace shekara daga ofishin kula da karatu, babbar takardar sakamako da jami'in jarrabawar sashe ke haɗawa, da jerin waɗanda hukumar karatu ta makarantar ta amince sun kammala. Na ƙarshen shi ne hujja. Yaro ya ce ya gama jarrabawar ƙarshe, an yi masa rubutu a farar riga an ɗauki hoto, wannan ba kammalawa ba ce.

Ku da kuke bin yaranku kawai, shafi ɗaya na Excel ya ishe ku: kowane yaro layi guda, kowane zango gida guda.

Malama a Sashen Ilimi:

Allah ya saka, Malam. Bari in ɗora a kan tambayar inda yara suka fi zubewa. Ƙofa biyu ce ake asarar yara, kuma ba iri ɗaya ba ce.

Ta farko tsakanin shekarar farko da ta biyu. Kuɗin shiga kowa yana taimakawa, kawu ya kawo, ƙungiya ta kawo, saboda murnar samun gurbi. Rajistar shekara ta biyu kuwa babu murna a cikinta, sai yaro ya ga an rufe shafin rajista bai biya ba. Amma abin da ya fi cin su ba ma rajistar ba ce, kuɗin mota ne. Rajista sau ɗaya ce a shekara, adaidaita sahu kullum ne. Wanda ke Kurna ko Rijiyar Lemo yana karatu a Kumbotso, hawa biyu ko uku zai yi kafin ya isa, haka kuma a dawowa. Tun da aka cire tallafin mai a watan Mayun 2023 abin ya ƙara tsanani. Sai ya fara zaɓen ranakun zuwa. Ya rasa tes, ya rasa makin aikin gida, ga dokar halartar lakca kashi 75 kafin a zauna jarrabawa. Kwas biyu ko uku suka faɗi a zangon farko, a shekara ta biyu lokacin lakcarsu yana karo da na sababbin kwasa-kwasai, daga nan bashi ya fara haihuwa.

A Poly ma'aunin maki 4.00 ne. Ƙasa da 2.00 babu difloma. Daga 2.00 zuwa 2.49 fas ne, kuma mai son HND (babbar difloma) kai tsaye bayan shekarar aikin sanin makama yana buƙatar 2.50 zuwa sama. Yaron da ya buɗe da 1.60 a zangon farko, zango uku kacal suka rage masa ya ɗago. Don haka ranar da sakamakon zangon farko ya fito ita ce ranar da ya kamata ku zauna da kowane yaro, ba ƙarshen shekara ba.

Ƙofa ta biyu ta fi ban takaici, domin yaron ya riga ya sha wahalar duka. Ya gama zama a aji, saura kwas ɗaya, ko furojet da ba a kai ba, ko littafin SIWES (horon aiki a ma'aikata) da ba a sa wa hannu ba, ko makin TP (gwajin koyarwa) ga 'yan NCE. Yana ganin ai ya gama, ya kama jiran shago a Kwari ko Singa, bai san sai ya sake rajistar wannan kwas ɗin ba kafin a karɓi makinsa. Ga shi akwai iyakar shekaru. NCE shekara 3 ce, ba a wuce 5. Akwai kuma masu giɓi a takardar sakandare, babu kiredit a Turanci ko Lissafi, suka ce za su gyara da NECO ko NABTEB suka manta, sai wajen tantancewar ƙarshe abin ya tare su.

Ga 'yan mata, aure ko haihuwa ba su ne ke kashe karatun ba, barin zuwa babu takarda ne. In ta rubuta takardar jingine karatu ta hannun shugaban sashe kafin jarrabawa, aka amince, gurbinta yana nan. In ta ɗauke ƙafa kawai, duk kwasa-kwasan da ta yi wa rajista faɗuwa za a rubuta mata.

Sakataren Ƙungiya:

Na gode ƙwarai, Malama. To yaron da ya bar ND1 don ya samu BUK fa? Shi ma a cikin waɗanda suka zube za mu sa shi?

Mai Nazarin Alƙaluma:

A'a, ranka ya daɗe, gidansa daban. A Kano da yawa suna shiga Poly ko kwalejin ilimi ne don kada su zauna a gida, suna sake JAMB a gefe. Ranar da BUK ko jami'ar Wudil ta kira, sun tafi. A takardar kwaleji asara ce, a wajenku riba. Ku raba waɗanda ba su dawo ba gida huɗu: wanda ya koma wata makaranta, wanda ya jingine da izini, wanda aka sallama saboda maki ko satar amsa, da wanda ya ɓace babu labari. Na huɗun ne aikinku.

Amurka ma ta sha wannan gardamar a kwalejojinta na shekara biyu. Tun dokar 1990 da ta wajabta wa makarantu bayyana alƙalumansu, ana ba ɗalibi lokaci da rabi, wato shekara 3 ga karatun shekara 2, kuma ana nuna waɗanda suka koma wata makaranta a gefe. In kun ari wannan, ND shekara 3 ke nan, NCE kuwa huɗu da rabi, ku mayar da ita 5 ta dace da dokarmu. Abu ɗaya za ku kiyaye: ku ƙirga da shekarar karatu, ba ta kalanda ba. Ayarin da rufewar korona ta 2020 ko yajin aikin malamai ya rutsa da su, in aka auna su da kalanda, sai a ga kamar duk sun makara.

Kan batun wace makaranta ta fi, ina da ja. Kwatanta makaranta da makaranta bai cika faɗar gaskiya ba. Sashen injiniyan lantarki da sashen harkokin mulki ba abu ɗaya suke nema wajen yaro ba, kuma makarantar da ta ɗauki masu rauni dole adadinta ya yi ƙasa ko da malamanta sun fi ƙoƙari. Adadi mai kyau fiye da kima ma abin a bincika ne. Kwatanta sashe da irinsa. Sannan in yaranku a wata makaranta 8 ne, kada ku fitar da kashi cikin ɗari. Mutum ɗaya ya fita, adadin ya faɗi da fiye da kashi 12. Ku rubuta 6 cikin 8 kawai.

Maganar Malama ta kuɗin mota tana da shaida. Jami'ar birnin New York ta fara wani shiri a kwalejojinta a 2007, mai suna ASAP: katin hawa jirgi da bas kyauta, littattafai, cike giɓin kuɗin makaranta, da mai ba da shawara da dole ɗalibi ya riƙa ganinsa. Da aka gwada shi, aka raba ɗalibai gida biyu ta hanyar jefa ƙuri'a, kashi 40 na waɗanda ke ciki sun gama cikin shekara 3, na waje kuwa kashi 22.

Tsohon Jami'in Jarrabawa:

Ƙari kaɗan, Malam Sakatare. Kada ku biya wa yaro rajistar shekara ta biyu sai ya kawo sakamakon zango biyu da aka buga, da fom ɗin rajistar kwasa-kwasai mai hannun mai kula da ajinsu. Ku duba cewa duk kari-oba tana cikin fom ɗin, domin ita ake fara rubutawa kafin sababbi. Ku tabbatar kuma gurbinsa ya bi ta CAPS, wato shafin JAMB na ba da gurbi, in ba haka ba zai sha wuya ranar neman DE (shiga jami'a kai tsaye da difloma ko NCE) ko bautar ƙasa. Waɗanda ke makarantun gwamnati su nemi rancen NELFUND, asusun rancen ɗalibai na gwamnatin tarayya, da aka buɗe a 2024: babu ruwa a kansa, kuɗin makaranta yana tafiya kai tsaye ga makarantar, ɗalibi kuma ana ba shi naira 20,000 a wata. Ana neman lambar JAMB, NIN da BVN, kuma sai makarantar ta ɗora sunansa tukuna. Wanda ya samu, kuɗin da za ku biya masa sai ku karkatar da shi ga masu sifil-oba da kwas ɗaya ya riƙe.